Rubutun da Yaya Bai Rufe Ba

A gidanmu ba a faɗin sunan jariri kafin ranar suna, kuma ba a barin sa a ka. Rubuta shi ake yi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da zarar ciki ya shiga wata bakwai sai ya yagi 'yar takarda ya rubuta suna biyu da ajami, na namiji a sama na mace a ƙasa, ya ninke ya tura cikin gafakar Alƙur'aninsa. Ba mai taɓa takardar sai jajibirin suna. Ya ce a wurin kakanmu ya gaji abin, don shi falke ne, yakan yi wata shida a hanya bai ga gida ba, to kada a haihu ba ya nan a rasa abin da za a raɗa. Mu shida Inna ta haifa a ɗakinta na Birni, dukanmu daga gafakar nan sunayenmu suka fito. Mu biyu muka rayu, Yaya babbanmu da ni auta, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu.

Yaya ya gaji Baba a komai, har taurin kai, amma ban da takarda. Shi mutumin kwamfuta ne. Yana aiki a wani biro, wato ofis, a cikin gari, yana rubuta musu manhaja yana gyara abin da suka ɓata, ranar Asabar kuma ya tara masu son koyo a zauren gidansa na Garin Malam. Ba ya riƙe biro mai rubutu ko guda. Lambar waya, maganin Inna, ranar da ya sauya man babur, duk a kwamfutarsa yake zuba su, wata tsohuwa mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa. In aka ɗauke wuta, ita ma ta bi.

Wanda bai san harkar ba, bari in yi masa bayani a gajarce. Masu rubuta manhaja suna da abin da suke rubutu a cikinsa, edita ake ce masa. Hanya biyu ake isa ga rubutu a kwamfuta. Ko dai ka kama kusu, ɗan abin nan mai igiya da ake jan kibiya da shi a kan allo, ka nemi hoton fayil ɗinka ka danna, ko kuma ka buɗe wata baƙar taga da babu komai a cikinta sai ɗan farin layi yana ƙiftawa, ka rubuta sunan editan, ka bar fili, ka rubuta sunan fayil ɗin, ka buga babban maɓallin nan da muke ce wa antire. Yaya bai yarda akwai hanya ta farko ba. Editansa ma irin na tsofaffin masana ne, a cikin baƙar tagar yake buɗewa, ba hoto ba ado.

"Kusu na masu nuni da yatsa ne," haka yake ce wa ɗalibansa. "Mu kira muke yi. Ka tsaya inda kayanka suke, ka kira abu da sunansa, ya zo. Wala, shi ke nan."

Ni kuwa a lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Zango. Wasiƙun neman aiki, katin ɗaurin aure, rubutun 'yan jami'a mai shafi ɗari, duk ni ke buga su, kuma ba yabon kai ba, hannuna da sauri. Da kusu na saba. Shi ya matsa mini in riƙa zuwa ranar Asabar, wai kaina ya fi ƙarfin buga katin biki. Na je, na kuma ji daɗin abin fiye da yadda na nuna masa. Amma baƙar tagar nan ba mu shirya da ita ba. Ka yi kuskuren harafi ɗaya ta watsa maka magana, ka rasa ma ta inda za ka fita. Da na ga ya juya baya sai in lallaɓa in kama kusuna. Sannan in gaya muku gaskiya, zuciya gare ni. Inna takan ce ranar da ta haife ni barkono take daka.

Wata Asabar da kaka, sabon gero ya fara shigowa gari daga Tirmini da Gaffati, muna zaure mu bakwai, ni kaɗai mace. Ya rubuta a bango da alli, da manyan baƙaƙe: IN KURAN YA ƊAUKE. Kuran dai wutar lantarki ke nan a bakinmu. Ya ce yau darasin na 'yan Damagaram ne, don mu ne wuta ke yanke wa magana a baki. Ya ce kowa ya buɗe fayil ɗinsa. Ni na buɗe nawa yadda na saba. Ashe yana tsaye a bayana. Ya zare igiyar kusun, ya naɗe ta a hankali, ya tura a aljihun rigarsa. Mazan suka yi dariya.

"Yaya, ba ni abuna."

"Kira editan da sunansa, Auta. Harafi uku ne."

"Na ce ka ba ni."

"Bon," ya ce da Faransancinsa, yana kallon sauran ba ni ba. "Wadda ba ta iya kiran abu da sunansa, ta koma Zango ta buga katin biki. Sakatariya dai sakatariya ce."

Ba wata babbar magana ba ce. Yau in wani ya gaya mini ita dariya zan yi. Amma ranar ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ɗauki gyalena na fita, na rantse a bakin ƙofa, da ƙarfi don ya ji, cewa ƙafata ba za ta ƙara taka gidansa ba. Ban tsaya na ji abin da ake yi in kuran ya ɗauke ba.

Na kuwa cika rantsuwa. Wata takwas. Duk Juma'a yana zuwa Birni gaida Inna, ina jin ƙarar baburinsa sai in shige ɗaki in ja labule. In ya ce "Auta, ina wuni?" in amsa can ƙasan maƙoshi, yadda Allah zai shaida na amsa amma shi ba zai ji ba. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, ta ce Musulmi ba ya gaba ta wuce kwana uku. Na ce ni ba gaba nake ba, kama kaina na yi. Ya aiko matarsa, wadda har yau Amarya muke ce mata, ta kawo mini kusun a naɗe cikin leda tare da kilishi. Na ci kilishin na mayar da kusun. Amarya ta riƙe baki tana dariya, ta ce, "Ke da yayanki, wallahi ba a san gwani ba." A zuwan nan na lura cikinta ya fito. Azumi ya zo ya wuce. Ranar Sallah kowa na neman gafarar kowa, ni na tafi gidan ƙawata tun safe don kada mu haɗu.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, wata Lahadi, zafi ya kai maƙura, damina ta ƙi faɗuwa. Da azahar aka aiko. Ya hau babur zai je kasuwar Mirriya sayo babbar tukunyar da za a riƙa dafa wa Amarya ruwan wankan jego, don ya ce tukwanen Mirriya ba su da na biyu. Bai kai Mirriya ba. Ba zan yi dogon bayani a nan ba, ba na iyawa. Kafin la'asar sakaliya an kai shi. Ranar na shiga gidansa, ranar da ba shi a ciki. Rubutun alli na wani darasin dabam yana bangon zaure, da hannunsa.

A zaman makoki na ji Amarya tana ba mata labarin safiyar, tana maimaitawa ga duk wadda ta shigo, kamar in ta faɗa sau da yawa ƙarshen zai sauya. Ta ce ya karya kumallo, ya zauna gaban injinsa, ya ce mata, "Yau zan sa takarda a gafaka." Ta ce ya faɗa mata mana, ya ce a'a, al'adar gidansu ce, sai jajibiri. Yana cikin rubutu aka ɗauke wuta, ya yi tsaki, ya ce tunda haka ne bari ya je ya dawo kafin rana ta yi. Da kunnena na ji wannan, ba sau ɗaya ba. Ina so a riƙe wannan, don ban da wata hujjar cewa ban sani ba.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ya tsaya kan komai. Ya tattara kayan Yaya, har da kwamfutar, ya kulle a akwatin ƙarfe, ya ce dukiyar maraya ce, ba mai taɓawa sai an haihu an san wa za a raba wa. Da damina ta yi tsaka Amarya ta sauka. Mace. Da aka miƙo mini ita na ga goshin Yaya, na miƙa wa wata na fita bayan ɗaki.

Ranar jajibirin suna da hantsi Baffa ya zo da mabuɗi. Ya kira ni.

"Auta, an ce takardar tana cikin ordinater ɗin nan. Duk gidan nan ke kaɗai kika san kansa. Duba mana abin da yaron nan ya bari."

Ya fita zaure ya zauna, don shi ba ya shiga ɗakin mai jego. Inna tana tsakar gida tare da mata ana gyaran shinkafa. Na zauna a ɗakin Yaya ni kaɗai, na jona igiya, Allah ya taimaka akwai wuta. Lambar sirrin ba ta sauya ba, wadda na koya da ita ce. A cikin jakar kwamfutar, a aljihun gefe, na tarar da kusuna, har yanzu a ledar da na mayar da shi.

Ga alamar baƙar tagar a ƙasan allo, na gan ta sarai. Na kai kibiya kanta na tsaya. Tsoronta na ji. Ji na yi in na buɗe ta kamar na ɗaga labulen ɗakinsa ne na same shi zaune. Sai na jona kusuna, na bi hanyar da na saba. Na sami wani kundi da ya sa wa suna gida, a ciki akwai fayil mai suna suna. Na danna sau biyu, ya buɗe a cikin farin shafi irin na shagonmu.

Layi biyu ne. Na sama ya ce: in namiji ne, sai sunan Baba. Na ƙasa ya ce: in mace ce. Bayan nan babu komai.

Na rufe na sake buɗewa. Na ja shafin ƙasa, na duba sauran fayilolin, maganin Inna, man babur, lambobin waya. Babu. Daga ɗaya ɗakin ina jin jaririyar tana 'yan kukanta, Amarya tana rarrashi. Wata biyu matar nan ba ta da abin da take riƙe da shi sai cewa mijinta ya bar wa ɗiyarsa suna. Ta gaya wa kowa. Yanzu in fita in ce mata ya tuna da namiji, mace kuwa ya bar ta fili? Kuma, tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a rubutun nan, akwai wani abu ban da tausayi. Ban so in fita gaban Baffa in ce na kasa. Kunnena yana jin sakatariya dai sakatariya ce.

Na yi wa kaina lissafi mai daɗi. Tunda namiji sunan Baba ne, ai mace sunan Inna ce, ko makaho ya shafa ya san haka. Na ce ba ƙarya zan yi ba, ƙarasa masa zan yi. Na sa yatsu na buga sunan mahaifiyarmu a gaban layin nan, na adana, na ɗauki kwamfutar na kai wa Baffa zaure. Ya sa tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Allahu akbar. Ɗa na gari. Allah ya jiƙan ka, yaro."

Washegari da sassafe aka raɗa suna, ana yayyafi, maza a ƙarƙashin rumfa suna karɓar goro da dabino. Da maganar ta shigo cikin gida mata suka yi guɗa kaɗan, irin ta gidan da aka yi rashi. Inna ba ta san komai ba sai lokacin. Tun ranar rasuwar ban ga ta yi kuka a gaban mutane ba, amma ranar ta zauna daɓas a kan turmi ta rufe fuska da zane. Tana cewa, "Da ni ya tafi a bakinsa. Ashe da ni ya tafi." Ta karɓi jaririyar ta ƙi ba kowa har azahar. Tunda ba mai iya kiran sunan Inna a gidan, sai aka laƙaba wa yarinyar Inna Ƙarama. Ni kuwa na yi ta raba abinci, ina ce wa kaina na yi aikin lada.

Da aka raba gado kwamfutar ta faɗo a kason marainiya. Baffa ya damƙa mini ita amana, ya ce in riƙa kunna ta kada ta lalace kafin yarinyar ta girma. Na naɗe ta da zane na sa a ƙasan akwatina. Nakan kunna ta wata-wata, in kalli allon in kashe. Kusan shekara ana haka. A cikin shekarar nan na koma koyon manhaja ni kaɗai, a kwamfutar shago in ba mutane, ba don kowa ya sa ni ba. Wataƙila ina neman hanyar da zan ba shi haƙuri ne, ban sani ba. Sannu a hankali na daina tsoron baƙar taga. Na gane abin da yake nufi, abin haushi. Ka tsaya inda kayanka suke, ka kira, ya zo. Ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da a da nake jin baburinsa, ina ɗakina a Birni, Inna tana barcin rana. Na fito da kwamfutar, na ce yau dai sai na buɗe tagarsa. Ta buɗe. Sunan da yake shiga da shi yana gefen hagu, ɗan farin layin yana ƙiftawa a gabansa, yana jira. Tun makon farko ya koya mana cewa in ka danna kibiyar sama, tagar tana dawo maka da umarnin da aka buga na ƙarshe. Shi kuma saboda halin wutarmu ya saita tasa tana ajiye kowane umarni nan take. Na danna.

Harafi ukun nan suka fito, da fili, da kalmar suna. Abin da yatsunsa suka buga ke nan safiyar Lahadin. Na daɗe ina kallo. Na ƙara danna kibiyar, na ga na gabansa, ya shiga kundin gida. Na ƙara, na ga aikin darasin ranar Asabar. Na yi ta hawa ina bin sawunsa baya-baya, har na ga inda ya yi kuskuren harafi ya sake bugawa, shi da yake mana dariya. Sannan na sauko na dawo kan na ƙarshen. Na shiga kundin gida yadda ya shiga, na kira editan da sunansa, na buga antire.

Fayil ɗin bai buɗe ba. Sai allon ya cika da gargaɗi da Faransanci. Ma'anarsa ita ce, a yi hattara, akwai alamar wani yana kan rubutu a wannan fayil ɗin bai rufe ba. Ya nuna mai shi, sunan Yaya. Ya nuna ranar da sa'ar, Lahadin nan da hantsi. Na waiwaya bayana, wallahi na waiwaya, babu kowa sai labule. Na ci gaba da karantawa. Ya ce ko dai wani yana rubutu yanzu, ko kuma an katse mai rubutun bai adana ba. A ƙasa ya ƙara wani layi, cewa fayil ɗin da ke ajiye ya fi wannan sabunta, wato wani ya taɓa shi bayan mai shi ya tashi. Wannan ni ce. Shekara guda ba wanda ya sani, ashe injin ya sani.

Darasin da na fita na bari ke nan. Editan nan, yayin da kake rubutu, yana ajiye abin da ka buga a wani ɓoyayyen wuri a gefe, ko ba ka adana ba, saboda rana irin wannan. Kusu ba ya ganin wurin, farin shafin shagonmu bai san da shi ba. Sai ka dawo ta ƙofar da aka fita, ka kira editan da kansa, sannan ya ce maka ga ajiyarka. Ya jera mini zaɓi a ƙasa: in duba kawai, in ceto, in goge, ko in fita. Na danna harafin ceto.

Layin sama yana nan, sunan Baba. A layin ƙasa, inda na tarar da fili, akwai suna. Nawa ne. Cikakken sunana na yanka, wanda ba mai kira na da shi a gidan, wanda ya fito daga gafakar Baba. A ƙarƙashinsa ya ƙara wani layi, irin bayanin da masu manhaja ke bar wa kansu a gefen aiki:

"Sunan Auta. In ta ji an raɗa sunanta ai dole ta shigo gidan nan ta"

A nan ya tsaya. Ko tunanin kalmar da zai sa yake yi wuta ta ɗauke, ban sani ba. Ta ɗauki takwararta? Ta ci tuwon suna? Ta ƙarasa masa rashin kunyar da ta fara? Na gwada kalmomi sun fi ɗari a shekarun nan, duk suna shiga. Ranar dai na kifa kaina a kan maɓallan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai shi, ina toshe baki da gyale kada Inna ta farka. Wata takwas ina tsammanin ya raina ni, shi kuwa yana can yana shirya mini tarko da ɗiyarsa ta fari. Ni da hannuna na cire sunana daga kan yarinyar, saboda na ƙi buga harafi uku.

Na yi niyyar faɗa. Na fito tsakar gida da maganar a bakina, na tarar Inna ta tashi tana alwala. Ta dube ni ta ce, "Me ya sami idonki?" Na ce barkono ne. Me zan ce mata? Abin da take tashi da shi take kwana da shi, cewa ɗanta da ita ya tafi a bakinsa, ni na ƙirƙira? Sannan wa zai yarda? Wadda ta buɗe injin ita kaɗai, bayan shekara ta dawo ta ce ashe sunanta ne a ciki. Baffa zai ce in ji tsoron Allah. Suna kuma an riga an raɗa, an yanka rago, an yi takardar haihuwa. Bakin alƙalami ya bushe. Na shiga madafa na hura wuta.

Inna ta rasu bara, tana riƙe da abin da na ba ta. Ranar da jikinta ya yi tsanani ta sa aka kawo mata Inna Ƙarama ta kwantar a gefenta, tana shafa kanta. Ban san ko in yi murna da na yi shiru ba, ko in nemi gafara. Ina yin duka biyun. Amarya ta yi wani auren, mutumin kirki, suna nan cikin gari, ita ma ban gaya mata ba. Wannan rubutun shi ne farkon faɗa, shi ya sa ban sa sunan kowa ba.

Yanzu da manhaja nake ci. Na bar shagon Zango, ina da tawa kwamfutar, kusuna kuwa ban san inda yake ba. Sau hamsin a rana nake kiran editan nan da sunansa, ba na ko tunani. Amma ranar ceton nan ban adana abin da na gani ba, ban kuma goge ajiyar Yaya ba. Fita na yi na bar komai yadda yake. Saboda haka fayil ɗin da ke ajiye har yau ƙaryata ce a ciki, gaskiyarsa tana ɓoye a gefe. Duk ranar da na kunna tsohuwar kwamfutar don cika amanar Baffa, nakan shiga kundin gida in buga umarnin nan, editan ya ce mini a yi hattara, wani yana kan rubutu bai rufe ba. Nakan ce, "Na sani. Ina wuni, Yaya?" Da ƙarfi nake faɗa yanzu.

Kwamfutar ta yarinyar ce. Wata rana zan miƙa mata, kuma na yi alkawari ba zan miƙa mata da kusu ba. Zan koya mata ta tsaya inda kayanta suke ta kira, abin da zai fito ya fito. Ina tsoron ranar, ina kuma ƙirga shekarunta.

Shekararta shida yanzu, ta shiga lakwal, makarantar boko. Ranar Asabar ake kawo mini ita Birni in yi mata kitso. Ba ta zama wuri ɗaya, ga baki, ga zuciya, in ka taɓa ta sai ta kumbura ta juya maka ƙeya wuni guda. Amarya takan ce ba ta san inda ta kwaso wannan hali ba. Asabar ɗin da ta wuce tana zaune tsakanin ƙafafuna ina tsaga mata kai, tana ta mutsu-mutsu, ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Zauna mana, takwara."

Ta juyo da rabin kitso, ta dube ni da goshin nan na ubanta.

"Gwaggo, kin manta? Ni ba takwararki ba ce. Takwarar Inna ce. Babana ne ya rubuta da hannunsa."

Na ce haka ne, na manta. Na juya mata kai na ci gaba da kitso.